Yadda ake cire zoben da ya maƙale a yatsa

A bazarar bara, ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka, ƙanwata ta zo gida goyon ciki, cikin yana wata takwas. Wata rana bayan la'asar na shiga gaida Inna, sai na tarar mata uku sun zagaye ta a tsakar gida, ga kwanon ruwan sabulu a gefe. Zoben lefenta ne ya ƙi fita. Tun azahar suke fama, wannan ta ja ta gaji, waccan ta karɓa. Yatsan ya yi suntum, fatar bayan gaɓar ta fara salewa, ita kuwa ta cije leɓe tana share ƙwalla da gefen mayafi.

Gwaggo ta ce, "Yauwa, ga yayanku nan. Zo ka gwada, kai ka fi mu ƙarfi."

Na ce, "Gwaggo, ai ƙarfin ne ya kai shi haka. A sakar mata hannun tukuna."

Abin da ke faruwa a cikin yatsan shi ne, jini yana shiga ta jijiyoyin da ke can ciki, masu ƙarfin bugu, yana komawa ta ƙananan jijiyoyi na kusa da fata. In zobe ya matse, hanyar komawar ce ke fara toshewa, ta shiga kuwa tana nan a buɗe. Kamar fangalin lambu ne da ruwa ke ta kwarara ciki alhali an datse mafita. Yatsa ya cika, zobe ya ƙara kamawa, yatsa ya ƙara cika. Duk jan da aka yi da ƙarfi yana tattaro naman ya tara shi a gaban zoben, ya kuma ƙara kumburin. Saboda haka aikin gaba ɗaya ba na ja ba ne, na rage kumburi ne. Kumburi na sauka, zobe kan bi hanyar da ya shiga.

Ka fara duba yatsan kafin ka taɓa zoben

Akwai yatsan da ake lallaɓawa a gida, akwai wanda ba a ɓata masa lokaci. Danna farcen har ya yi fari, ka saki. In jini na gudana daidai, jan zai dawo cikin daƙiƙa 2 ko kusa da haka. In akwai lalle a farcen, kamar yadda yake a hannun mata da yawa, launi ba zai gaya maka komai ba. Sai ka kama kan yatsan ka gwada ɗuminsa da na kusa da shi, ka ɗan soki tsokar da tsinken tsintsiya a hankali ka tambayi mai shi ko ya ji.

In yatsan ya yi sanyi, ko ya yi baƙi-baƙi ko fari fat, ko mai shi ya ce ya mutu ba ya jin taɓi, ko zoben ya nutse cikin nama har ya fara tsaga fata, to an wuce dabarun gida. A nemi babur a nufi asibiti. Haka in yatsan ya karye ko ya goce, ko akwai ƙurji mai taruwa, ko wuta ce ta ƙona shi. Mai ciwon suga ma ya yi hattara ƙwarai, domin sau da yawa ba ya jin ciwon da yake ji wa kansa, kuma raunin nasa ba ya saurin warkewa. Yatsan da jini ya daina isa gare shi, cikin awanni yake lalacewa. Kada a ce bari gari ya waye.

In kuwa yana da ɗumi, yana motsi, ana jin taɓi, kumburi ne kawai, to zauna ka yi aikin a natse.

Ɗaga hannu da sanyaya shi

Mai zoben ya zauna ko ya kwanta, ya ɗaga hannun sama da ƙirjinsa, sama da kansa ma in zai iya. Ya jingina shi da bango ko ya ɗora a kafaɗar wani don kada ya gaji. Minti 10 cur, a duba agogon waya, domin mai jin ciwo minti biyu yake gani kamar goma.

Ana cikin haka a sanyaya yatsan. Mutane kan kawo bokitin ruwa su ce a tsoma hannu, amma tsomawar na sa hannun ya koma ƙasa, an gyara nan an ɓata can. Abin da muka yi wa ƙanwata, turmi muka kifa, muka ɗora kwanon ruwan randa a kai, ta zauna a ƙasa kan tabarma ta miƙa hannu sama cikin kwanon. In ba haka ba, a jiƙa tsumma da ruwan randa a naɗe hannun, ana sake jiƙawa in ya yi ɗumi. In garin akwai mai sayar da ƙanƙara ko fiya wata mai sanyi, a aika yaro. Ƙanƙara a ƙunsa ta a ƙyalle, kada a ɗora ta kan fata tsirara, kuma kada ta wuce minti 10 zuwa 15.

Ruwan zafi kuwa a bar shi inda yake. Na sha jin ana cewa zafi na buɗa ƙarfe. Buɗawar da zobe zai yi a ruwan da hannun mutum zai iya jurewa ba ta kai a gani ba, nama kuwa nan da nan yake ƙara kumbura. Shi ya sa ma matsalar ta fi yawa a watan Maris zuwa Mayu, da kuma bayan an wuni ana daka ko ana noma a rana.

Kafin a sauke hannun, wani ya kama yatsan ya riƙa matsa shi a hankali daga kan farce zuwa wajen zoben, kamar mai tura abu ya koma ciki. Minti biyu ko uku ya isa.

Santsi da murzawa

A gidan ƙauye ba a rasa abin santsi: sabulu da ɗan ruwa, man gyaɗa, man kaɗanya, man shanu, basilin. Ni dai na fi yarda da sabulu mai kumfa sosai ko man gyaɗa, domin suna shiga ƙarƙashin zoben. Man kaɗanya in yana da kauri a murza shi a tafin hannu ya narke tukuna. Karkashi da aka jiƙa da ruwan sanyi shi ma yana yi, yauƙinsa ba wasa ba, muddin fatar ba ta fashe ba. Kalanzir, fetur, baƙin mai da man zafi kada a kusanto da su. Suna cin fata, man zafi kuma jini yake jawowa wurin.

Ba saman yatsa kawai ake shafawa ba. A juya zoben a inda yake, dama da hagu, har santsin ya ratsa ƙarƙashinsa ko'ina. Mai cirewar ya goge nasa yatsun, ko ya kama zoben da ɗan ƙyalle, in ba haka ba shi ma hannunsa sulɓewa zai yi ta yi.

Mai zoben ya saki hannunsa laƙwas, ya ɗan lanƙwasa yatsan kaɗan. Wannan lanƙwasawar na miƙar da tattararriyar fatar da ke bayan gaɓa, wadda ita ce ke tare zobe. Sai a murza zoben kamar ana kwance murfin kwalba, ana murzawa ana turawa gaba kaɗan-kaɗan. In naman ya taru a gabansa, a tsaya, a sa babban yatsa a ja fatar baya ta ƙarƙashin zoben zuwa wajen tafin hannu, sannan a ci gaba. In an iso gaɓa, a tura zoben sama daga ɓangaren tafi don a sami ɗan fili a bayan yatsa, a karkata samansa ya haye gaɓar, sannan a danna shi ƙasa a karkato da ƙasansa. Sama, ƙasa, sama, ƙasa, kamar tafiyar tsutsa. Yawancin zobba a nan suke fita.

In an yi minti biyu ko uku bai motsa ba, a bari. A koma ɗaga hannu.

Dabarar zare

Wannan ita ce ta fitar da ƙanwata, kuma ita ce mutane suka fi yi ba daidai ba, don haka zan tsaya a kanta.

Ka nemi zare mai ɗan kauri da laushi, tsawon kamu biyu, wato kusan mita 1. Zaren kitso yana yi, zaren ɗinkin hula da aka ninka biyu yana yi. Siririn ƙyalle da aka tsaga daga bakin tsohon ɗankwali, mai faɗin tsinken ashana biyu, ya fi su duka sauƙi a jiki, domin faɗinsa na hana shi shiga nama. Zaren keken ɗinki falle ɗaya yanka fata yake yi, haka zaren kamun kifi. Waya kam ko kusa.

Ka goge santsin da ke kan yatsan tukuna, don zaren ya kama. Sai ka tura bakin zaren ta ƙarƙashin zoben, daga ɓangaren farce ya ɓullo ta ɓangaren tafin hannu. Nan ne haƙuri ke aiki. Ka danna zoben daga gefe guda don ya ɗaga a ɗaya gefen, ka tura zaren ta wannan ɗan filin da tsinken ashana ko gindin allura, wato wajen kafarta, ba tsininta ba. Gefen yatsa ya fi ba da fili a kan bayansa. Ka jawo kamar tsawon ɗan yatsa biyu ya fito ta baya, ka ba mai zoben ya danne wannan guntun a tafinsa.

Dogon ɓangaren, wanda ya rage ta wajen farce, shi za ka naɗa. Ka fara daga jikin zoben daf, kana zagaya yatsan kana nufar farce. Kowane zagaye ya manne da na bayansa, kamar yadda mai saƙa ke naɗa zare a kwarkwaro, kada ka bar nama ya leƙo a tsakani. In ya leƙo, nan zoben zai tsaya. Naɗin ya kama sosai har ka ga yatsan ya rage kauri, amma ba irin ɗaurin buhu ba. Ka ci gaba har ka rufe gaɓar tsakiya ka wuce ta da kaɗan. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani: a tsaya da naɗi kafin gaɓa, alhali gaɓar ce abokiyar faɗan. Ka danne ƙarshen zaren da babban yatsanka. Ka ɗiga ɗan man gyaɗa a kan naɗin.

Yanzu ka karɓi guntun nan na baya. Ka ɗago shi ka karkato da shi wajen farce ya jingina da zoben, ka fara warwarewa, kana zagaya yatsan da shi ta hanyar da naɗin zai kwance. Duk zagaye ɗaya da ya warware ta ƙarƙashin zoben, zoben zai matsa gaba da kaurin zare ɗaya. Kada ka fizga, kada ka tsaya. Za ka ga yana tafiya a kan zaren kamar an yi masa matakala. In ya iso gaɓa zafi zai ƙaru, ka faɗa wa mai shi tun kafin a fara don kada ya fizge hannu a daidai wurin.

Daga fara naɗi zuwa gamawa kada ya wuce minti 2 zuwa 3, domin zaren shi ma tare jini yake yi. In kan yatsan ya yi duhu sosai, ko zafin ya fi ƙarfin mai shi, ko zoben ya cije, ka kwance duka nan take. A ɗaga hannu minti 15 a sake.

Namu karon farko bai yi ba, na bar tazara a naɗin, naman ya ɓullo ya tare. A karo na biyu Inna ta riƙe mata kafaɗa tana cewa, "Daure 'yar nan, saura kaɗan," ni kuma ina warwarewa. Da ya haye gaɓar sai ya sulɓe da kansa ya faɗa kan tabarma. Inda ya zauna ya bar fari zagaye, ya lotsa kamar an ɗaure da igiya.

In kumburin ya yi yawa har zare ba ya shiga ƙarƙashin zoben, a fara da roba. Robar wando mai faɗi, ko siririn yanki daga tsohon tib ɗin keke da aka wanke. Ita akasin zare ce, daga kan farce ake fara naɗa ta a gangaro zuwa zoben, don ta koro kumburin baya. A ɗaga hannun minti 2, a kwance da sauri, a shafa santsi a murza kafin yatsan ya sake cika.

Zare ko roba, a gwada sau biyu, in ya yi yawa sau uku. Bayan nan duk gwajin da aka ƙara ciwo ne kawai.

In sai an yanka

Kafin komai a juya zoben a duba bayansa. Da yawa daga zobban da ake saye a tire ranar kasuwa ba a haɗe suke ba, bakin biyu ne suka hau juna. Irin wannan filaya biyu kawai za a sa a buɗa shi.

A asibiti akwai ɗan ƙarfen yanka zobe, mai harshe da ake turawa ƙarƙashi ya kare fata, da ƙaramin zarto zagayayye da ake juyawa da hannu. Azurfa ko zinare cikin 'yan mintuna yake raba su. Ba kowace ƙaramar shan-magani ke da shi ba, don haka in abin ya yi tsanani gara a miƙe babban asibiti: Gumel, Haɗejiya, Ringim, Kazaure ko Birnin Kudu ga mutanen Jigawa, Wudil, Bichi, Ɗambatta, Rano ko Gwarzo ga na Kano. In da karaya, a bar ma'aikata su yanke zoben kafin a yi maganar ɗori. Ɗori a kan yatsa mai zobe haɗari ne babba, kuma karayar da ta shafi gaɓa wani lokaci sai an dangana da Asibitin Ƙashi na Dala.

In yatsan lafiyarsa lau, zoben ne kawai ya ƙi, maƙerin fari zai iya. Shi ne mai aikin azurfa da tagulla, hannunsa ya saba da ƙaramin abu fiye da na maƙerin baƙi mai garma da fartanya. Na taɓa zama a rumfar wani ranar kasuwa aka zo da wani dattijo, zoben azurfa ne da ya shekara da shekaru a hannunsa, ƙiba ta zo ta same shi. Dattijon sai jan ƙafa yake yi, wai tsarabar Makka ce ta mahaifinsa. Maƙerin ya ce, "Alhaji, azurfa ba ta mutuwa. In yanka yau, in ƙara mata, kasuwa mai zuwa ka zo ka karɓa ba za ka gane inda na like ba." Ya juya zoben dutsen ya koma ciki, siririn wurin ya dawo sama. Ya tura ƙotar ƙaramin cokali a ƙarƙashi. Ya riƙa goga magagari a hankali, yaronsa na tsiyaya ruwa daga buta, domin guga na sa ƙarfe ya yi zafi har ya ƙona fata. Da ya raba, bai ja ba. Filaya biyu ya sa ya buɗa bakin sosai, ya ɗauke zoben ta gefe. Zoben da aka yanka in aka ja shi ta kan gaɓa, kaifin bakin tsaga yatsa yake yi.

Zobban farin ƙarfen zamani masu ƙyalli, waɗanda samari ke sawa, ba sa buɗuwa da yanka ɗaya, sai an yanka wuri biyu masu kallon juna. Akwai kuma wani mai nauyi, mai duhu-duhu, da ba ya karcewa, ana ce masa tungsten. Magagari zamewa yake yi a kansa. Shi fasa shi ake yi, a matse da filaya mai kulle ana ƙara matsi kaɗan-kaɗan har ya tsage, kuma ɓarɓashinsa tsalle yake yi, sai an rufe ido. Wannan da yaron da ya tura yatsa cikin noti ko wani ƙarfen inji, aikin asibiti ne. Injin gurza ƙarfe na mai walda cikin daƙiƙu yake mai da zobe garwashi, kuma gocewa ɗaya ta isa ta tafi da yatsa. Ban yarda a kai masa hannun kowa ba, balle na yaro.

Kada kuma a kai wa wanzami ya yi tsaga wai don kumburin ya tsiyaye. Ba ruwa ba ne a jaka da za a huda, ƙofa kawai za a buɗe wa ƙwayoyin cuta.

Akwai masu zoben da aka ba su da sharaɗin kada su cire. Na san nauyin da wannan ke da shi a zuciyar mai shi, kuma ba gardama na zo yi ba. Amma a lallashe shi, a nuna masa farcen da ya canza launi, a kira wanda yake jin maganarsa. Jiki amana ne, kuma na ga wanda jinkirin kwana biyu ya bar shi da yatsa a sandare.

Bayan ya fita, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a ci gaba da ɗaga hannun zuwa dare. In fata ta fashe a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tambayi ma'aikacin asibiti batun allurar tetanus. In washegari mutuwar yatsan ba ta sake shi ba, ko ya fara zugi da ruwa, a kai a duba.

Lokutan da ake cirewa tun kafin ya kama

Kunama ta harbi mutum a hannu, ko maciji ya sare shi, ko zuma ko rina, ko ya buge yatsa da taɓarya ko ƙofa, ko ruwan zafi ya zubo masa: abin farko, a zare zobe da awarwaro da agogo, tun hannun bai tashi ba. Saran kububuwa musamman kumburinsa ba ya jira. Mai aiki a injin niƙa ko injin casa, da mai lodi a bayan mota, su ma su ajiye zobe a aljihu, domin in ya saƙale a ƙarfe yana iya tuɓe fatar yatsa baki ɗaya. A sauran ranaku, ka riƙa zare shi kana mayarwa lokacin alwala. Ranar da ka ji ya fara gardama a gaɓa, ranar za ka kai shi a buɗa.

Mai ciki ta cire nata tun cikin bai tsufa ba. Kumburin ƙafa da yamma abu ne da aka saba gani, amma in hannu da fuska suka kumbura farat ɗaya bayan ciki ya wuce wata biyar, musamman da ciwon kai ko dishi-dishin ido, yana iya zama hawan jinin masu ciki, wanda ke kai wa ga jijjiga. Mai jego ma in jikinta na kumbura tana haki, a dakata da kunun kanwa da yawan gishiri a kai ta a duba zuciyarta.

Da daren da muka cire wa ƙanwata zoben, na ce wa Inna fuskar yarinyar nan ma ta cika, ba hannun kaɗai ba. Inna ta haska ta da fitila ta yi shiru, ta ce gobe za a kai ta asibiti, ba sai ranar awo ba. Da sassafe suka tafi. Aka gwada, jinin ya hau, aka ba ta magani aka ce ta riƙa dawowa duk mako, haihuwa kuma a asibiti. A can ta sauka lafiya. Zoben yana ƙulle a bakin ɗankwalin Inna har aka yi arba'in, sannan na kai wa maƙeri ya ƙara masa faɗi.